Gwangwanin da Aka Kai Kaduna

Laraba, 11 ga Maris 1981, da hantsi

Yau babu hayaƙi a dogon bututun kamfani. Tun da na kama aiki a ɗakin gwajin nan ban taɓa ganin saman Funtua fes haka ba, har matan bayan katanga sun baza barkono a rana, ba mai fargabar baƙin gari ya zubo a kai. Su gaba ta kai su. Mu kuwa injin matse angurya ya yi shiru, tukunyar tururi ta huce, an ɗaure ƙofar murhunta da waya, kowa yana tafiya a sanɗa.

Shitu, abokin aikin Baba a bakin murhu, yana asibiti a Zariya. Da ransa aka sa shi a mota, wannan kam na gani. Sauran abin da na gani jiya ba zan rubuta ba.

Baba gira da gashin hannu kawai ya rasa. Shi ne babban fayaman, shugaban masu zuba wa murhu kwal, kuma shi ke bakin aiki lokacin da Shitu ya buɗe ƙofa zai farfasa kashin maƙeran da ya toshe ragar murhu, wuta ta yo waje. Ba a ko wanke wurin ba Injiniya Maitama ya gano mai laifi. Wai Baba ne ya ɗura wa murhu kwal fiye da kima, ya bar toka ta taru, iska ta rasa hanya. An ce ya zauna a gida sai an gama bincike. Mutumin da yake gaban wutar nan tun ina goye, yau shi ake koya wa kwashe toka.

Alhamis, 12 ga Maris, bayan azahar

Na shiga fili da shebur da baro. Ragowar kwal ɗin da aka sauke daga taragun makon jiya yana nan jibge bayan ɗakin tukunya. Na ɗiba yadda aka koya mini, sama da ƙasa da kowane gefe, sannan na haƙa rami har kafaɗa na ɗebo na ciki, don mai ha'inci a ciki yake ɓoye kayansa. Na farfasa, na cuɗa, na tara kamar tsibin dawa, na baje, na raba huɗu, na zubar da kashi biyu masu kallon juna, na sake cuɗa sauran. Haka na yi ta yi har ya koma cikin tafin hannu. Na daka, na auna, na ƙone a tanderun gas, na auna tokar.

Talatin da huɗu cikin ɗari. Yarjejeniyar kamfani da ɗan kwangila ta ce kada toka ta wuce goma sha biyar. Wato cikin shebur uku da Baba ya jefa, ɗaya dutse ne ya yi shigar kwal. Shi ma baƙi ne, sai dai ba ya sheƙi kuma ya fi nauyi. Ba ya cin wuta, narkewa yake ya manne a raga. Ko mutum goma aka sa kwasar toka ba za su cim masa ba.

Na je ofishin Injiniya, na ce, "Yallaɓai, ai na faɗa maka tun ranar da taragun nan suka iso. Na ce kwal ɗin nan ba wankakke ba ne, ka ce angurya ta taru, a ƙona haka."

Ya cire tabarau yana gogewa. "Ni? Ban tuna ba."

"A bakin sikelin mota muke tsaye."

"Roda, ke ɗiyar Habila ce ko kuwa?"

"Ɗiyarsa ce."

"To wa kike jin zai karɓi awonki?"

Bara aka tura shi Turai kwas a kan kwal mai tsabta. Hoton yana rataye a bayan kujerarsa, yana tsaye da farar riga gaban injin da ke wanke kwal tun a bakin rami. Da ya dawo har taro ya kira mana ya yi mana bayanin yadda ake raba kwal da dutse a cikin ruwa. Mun tafa masa.

Asabar, 14 ga Maris, da yamma

Hansai, matar Shitu, ta tafi Zariya da kwanon abinci. Ta dawo da shi yadda ta tafi da shi.

Lahadi, 15 ga Maris, bayan sujada

Baba bai je coci ba. Ni na je, kuma da na sani ban je ba. Fasto ya yi addu'a domin mai jinya, ya ƙara da addu'a domin "wanda tsautsayi ya biyo ta hannunsa". Amin ɗin da aka amsa har da masu waiwayowa su ga ko na amsa. Wasu da Baba ya sama wa 'ya'yansu aikin leburanci a kamfanin nan su ne suka fi ɗaga murya.

Da na dawo na tarar da shi a ƙofar ɗaki yana duban tafin hannunsa. Ya ce, "Malama, an tashi?" Tun da na dawo daga makaranta haka yake kirana, rabi wasa rabi kunyar 'yar fari. Na ce an tashi. Bai tambayi wa ya gaishe shi ba, ni ma ban ƙirƙiro masa ba.

Talata, 17 ga Maris, da la'asar

An kawo Shitu da safe. Kafin azahar an kai shi makwancinsa.

Baba ya je gaisuwa. Ya miƙa wa yayan Shitu hannu, mutumin ya duba gefe. Shi da Shitu kwano ɗaya suke ci a bakin murhu tun ban san kaina ba, har in watan azumi ya kama Baba ke karɓe masa zuban rana. Ya tsaya da hannu a miƙe, sannan ya mayar da shi aljihu. Ina kallo daga wajen mata. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na yau ba.

Laraba, 18 ga Maris, da safe

Baba ya tafi ƙauyenmu Ƙarfi wajen Inna. Ya ce idon Funtua ya yi masa yawa.

Juma'a, 20 ga Maris, bayan an tashi aiki

Tunda rai ya salwanta, manyan kamfani na Kaduna sun sa baki. Za su aiko mai gwaji daga waje, wanda ba ɗan kowa ba ne, ya ɗebi samfur da hannunsa. Za a cika gwangwani uku a buga musu hatimi: ɗaya ya tafi Kaduna, ɗaya ya zauna a ofis, ɗaya a ba wa ɓangaren Baba. In toka ta wuce ƙa'ida, laifin kwal ne, Baba ya koma aikinsa. In ba ta wuce ba, a sallame shi da sunan sakaci, kuma a nan garin kowa ya san sakacin da ake nufi, wato shi ya kashe Shitu.

Ni an ce kada in taɓa ko tsinke. Na yarda. Ba na bukatar taɓawa, tsibin nan ko makaho aka ba shebur zai ɗebo gaskiya.

Injiniya Maitama ya gamu da ni a baranda, ya yi mini murmushi ya ce in gaida Baba. Wanda yake cewa a gaishe shi, shi ne wanda yake haƙa wa rami.

Lahadi, 22 ga Maris, Ƙarfi, da yamma

Na samu Baba a gona yana sassabe, ko da yake ruwa da saura. Ya rame. Inna ta ce ba ya cin abin kirki, sai ya yi ta zagaya rumbu.

Na ce, "Baba, ran Laraba mai gwaji zai zo. An ce ka zo ka tsaya shaida. Gwajin nan ne zai wanke ka."

Ya jingina da gatari. "Har Kaduna za a kai shi?"

"Har Kaduna. Bari in gaya maka yadda ake yi, da abin da ake nema a ciki."

Ya ɗaga mini hannu. "Malama, ba sai kin karanta mani ba. Ina kai auduga gaban malamin gwaji tun ba a san za a haife ki ba. Mi ne ne gwaji?"

Na yi dariya, rabona da dariya tun kafin abin nan. Baba bai taɓa yarda in koya masa kome a kan kwal ba. Shi a ganinsa ni mai wasa da cokali ce a ɗakin gwaji, shi ne mai shebur. Na ƙyale shi, tunda dai yau ya ci tuwo har ya nemi ƙari.

Laraba, 25 ga Maris, da la'asar

Mai gwajin ya zo. Malam Lawal sunansa, siriri, ba ya son magana. Daga tagar ɗakin gwaji nake kallo, nan aka ce in tsaya. Ya zagaya tsibin, ya hau, ya sa aka haƙa ramuka, ya ƙi wurin da Injiniya ya nuna masa ya ɗiba inda ya ga dama. Da na ga ya tura hannu cikin rami har kafaɗa sai na ji hankalina ya kwanta. Wannan ya san aikinsa.

Injin farfasawa ba wuta tunda tukunya a kwance take, don haka sai gobe za a farfasa da guduma. Ya ɗaure buhunan ya kulle a bayan motarsa, ya tafi da makullin. Injiniya ya so a ajiye su a sito. Bai samu ba.

Baba ya zo da wankakkiyar riga, yana tsaye daga gefe kamar wanda aka gayyata ɗaurin aure.

Alhamis, 26 ga Maris, da azahar

An gama. Da safe aka juye buhunan a kan faifan ƙarfe a tsakar fili. Ba a fara farfasawa ba aka zo aka ce ana kiran Malam Lawal a tarho daga Kaduna. Ya tafi ofis, Injiniya ya bi shi, aka bar Baba da su Aƙilu, tsofaffin leburori biyu, a wurin. Layin Kaduna kuwa in ya tsinke sai an yi ta jira. Sun daɗe. Na hango su Baba a tsugune kewaye da faifan sun ba ni baya, suna ta hirarsu. Na ce a raina, gara da Injiniya ya bi shi ciki, ga Baba yana gadi, ba mai zuwa kusa.

Da Malam Lawal ya dawo aka farfasa, aka cuɗa, aka raba huɗu har sau nawa, aka cika gwangwanayen. Ya ɗiga jan kaki ya buga hatimi. Baba ya karɓi namu da hannu biyu ya kawo mini in ajiye, ya kama motar Malumfashi zai sauka Ƙarfi.

Asabar, 28 ga Maris, da hantsi

Sabon kwal ya iso, mai kyau, mai sheƙi, irin wanda ɗan kwangila ke tunawa da shi in an sa masa ido. Injiniya ya sa an kwashe tsohon tsibin an cakuɗa da sabon, wai fili ake bukata. An hura murhu. Kafin sati ya zagayo duk abin da ya kashe Shitu zai bi bututu ya fita. Ban damu ba, an riga an ɗiba.

Talata, 31 ga Maris, da safe

Ba labari daga Kaduna.

Juma'a, 3 ga Afrilu, da yamma

Na haɗu da Hansai a bakin famfon unguwarsu. Tana takaba, amma ba mai ɗebo mata ruwa. Na so in kauce, ta kira ni.

Ta ce, "Roda, ni ban ce wani ya kashe mani miji ba. Kwana ne ya ƙare. Amma yaran nan za su girma su tambaye ni, kuma mutane suna ta kawo mani magana. Ina so in san abin da zan gaya masu."

Na ce, "Yaya Hansai, ki ƙara haƙuri kaɗan. Amsa tana zuwa daga Kaduna, kuma ni na san abin da za ta ce."

Ta ce, "Allah ya sa." Na ɗora mata tulu.

Litinin, 6 ga Afrilu, da safe

Ba labari.

Laraba, 8 ga Afrilu, da safe

Ba labari. Zafi kamar a bakin murhu.

Alhamis, 9 ga Afrilu, bayan azahar

Goma sha ɗaya cikin ɗari.

Injiniya ne ya karanta a gaban Manaja da wakilin ma'aikata, a hankali, yana ɗanɗana kowace kalma. Kwal mai daraja ta ɗaya, toka kaɗan, farar wuta daidai. Na ce ba zai yiwu ba. Manaja ya ce, "Ke kika nemi a kawo na waje, an kawo." Daga ran Litinin Baba ba ma'aikacin kamfani ba ne. Za su aika masa Ƙarfi, na ce su bari, ni zan gaya masa da bakina.

An saye su. Ko Malam Lawal, ko na Kaduna, ko duka. Mutum ya tura hannu har kafaɗa a rami don a ce ya iya aiki, ashe da ɗaya hannun yana karɓa.

Juma'a, 10 ga Afrilu, da hantsi

Na fasa hatimin gwangwaninmu. Tun ranar yana cikin akwatina ƙarƙashin zannuwa, ba wanda ya san inda yake. Na auna, na ƙone, na auna. Na sake. Na sake na uku da wani kasko, ko na farkon ne ya yi mini ƙarya.

Goma sha ɗaya. Na Kaduna ba su yi ha'inci ba, kuma na ɗauki alhakin Malam Lawal. Abin da aka ba su shi suka auna. To daga tsibin da na samu talatin da huɗu, ina dutsen ya tafi?

Asabar, 11 ga Afrilu, Ƙarfi, da la'asar

A mota na shirya yadda zan faɗa masa. Na same shi a gindin ɗorawa yana gyaran ƙotar fartanya. Ban gama gaisuwa ba ya ce, "Malama, na ga fuskarki. Kaduna sun yi magana?"

"Sun yi."

"Yaya kayanmu suka yi a can?"

Na ce, "Baba, wane irin kayanmu?"

Ya yi 'yar dariya ya ajiye fartanyar. "Ai ke ba ki san aikin da muka yi ba. Ran nan da aka juye shi bisa faifai, na duba na ce wa su Aƙilu, wanga abu za a kai gaban manya a Kaduna? Rabinshi dutse. Abin kunya. Ko auduga ce ka kai haka, da ganye da ƙasa, lamba uku za a buga maka, a koro ka gaban jama'a. Kuma kin ce gwajin ne zai wanke ni. Sai muka zauna muka tsince shi tas, ɗaya bayan ɗaya. Ido ba ya raba su, sai hannu. Ni kau hannuna ya san su ko cikin duhu. Muka maida duwatsun bisa tsibi." Ya dube ni. "Baƙon nan bai ko lura ba. Mun fid da shi kunya shi ma."

Inna tana tankaɗe a bakin ɗaki, ta ce, "Ai tun da ya dawo yake ba ni labari."

Ina duban hannun nan nasa, gashin bai gama fitowa ba.

Ya ce, "To, ya fito da kyau?"

Na ce, "Ya fito da kyau, Baba."

"Lamba nawa?"

"Lamba ɗaya."

Ya ɗaga hannu sama ya ce, "Mun gode wa Ubangiji." Sannan ya ce wa Inna ta fito masa da kakinsa ta wanke.

Lahadi, 12 ga Afrilu, Ƙarfi, da rana

In na je ofis na faɗi abin da ya faru, na ce ubana ya sa hannu a samfurin binciken mutuwa. Wa zai yarda don kunya ya yi? Su Aƙilu ma a kore su, tsofaffi da iyali. A ce a sake ɗiba kuwa, daga ina? Tsibin ya zama hayaƙi.

Yau ya je coci, ya zauna a gaba, ya yi waƙa da ƙarfi. Ya gaya wa dattawa an wanke shi. Ya ce gobe in ya tashi aiki zai bi ta gidan Shitu ya zauna da yayansa su fahimci juna, ya kuma gaida Hansai yadda ya kamata.

Sau biyu ina buɗe baki. Na farko na ce, "Baba, da ka bari sai sun aiko." Ya ce mutum ba ya jira a kira shi aikinsa. Na biyu na ce, "Baba," ya ce, "Na'am, Malama," fuskarsa a sake yadda ban gan ta ba tun kafin abin nan. Sai na ce motar yamma zan bi.

Ina jin haushin Injiniya, da ɗan kwangila, da layin tarho. Ina jin haushin Baba har ba na son haɗa ido da shi, kuma ba shi da laifin da zan iya faɗa masa.

Litinin, 13 ga Afrilu, da safe

Ya biyo motar farko. Daga taga na hango shi a bakin get, kaki a goge, kwanon abinci a hannu. Masu shiga aiki suna ratsa shi ta dama da hagu, kowa kansa a ƙasa. Maigadi ya tare ƙaramar ƙofa da jikinsa yana yi masa magana a hankali, Baba yana dariya yana girgiza kai, yana nuno ɗakin gwaji.

Yanzu maigadin ya tako har gindin tagata. Ya ƙi dubana. Ya ce, "Malama Roda, Baba Habila ya ce wai ki fito ki gaya masu lambar da kwal ya samu."

Yana nan tsaye yana jirana.